Awon Amarci

"Ja cikin mana, matar Yaya! Riƙe numfashi!"

Hanifa ta dafe bango da hannu biyu, ta ja numfashi har haƙarƙarinta ya yi zafi. A bayanta Kausar, ƙanwar mijinta, ta kama zif ɗin rigar tana fisga tana ƙyalƙyala dariya. Zif ya hau kaɗan, ya ciji naman bayanta, ya tsaya cak. Gumi yana bin wuyanta yana gangarawa, fankar falon kuwa tun safe ba ta motsa ba, don ba a kawo wa unguwar Badariya wuta ba.

Mansur yana kishingiɗe a kan doguwar kujera yana latsa waya. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Bar ta, Kausar, kada ki ɓalle min zif. Buhun shinkafar Zauro za ki dura cikin safa?"

Kausar ta saki rigar ta faɗa kan kujera tana riƙe ciki. Hanifa ta yi murmushi ita ma, irin murmushin da mutum yake yi don kada hawaye su riga shi fitowa.

Rigar ankon bikin Kausar ce, leshi ruwan zuma mai duwatsu a wuya, kuma za a ɗaura auren kafin damina ta sauka. Kowace mace a dangi ta kai nata ɗinkin da kanta an gwada ta. Ban da Hanifa. Mansur ne ya ɗauki leshin ya kai wa telar da ta ɗinka mata kayan lefe, ya ce kada a sake awo, a yi amfani da na amarcinta. Da gangan ya yi, kuma bai ɓoye ba.

"Baban Maliki," Hanifa ta ce a hankali, "da an buɗa ta ko kaɗan ne. Akwai sauran yadi a ciki."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Riga ba ta da laifi. Wadda na aura ta shiga awon ga. Ke za a rage, ba riga za a ƙara ba. In ranar biki ta zo ba ki shiga ba, wallahi ba ki bi na ko ƙofar gida, abokaina su ce na taho da uwata."

Mai wannan magana fa tumbinsa yakan riga shi shiga masallaci. Amma shi namiji ne, nasa tumbin alamar ci gaba ne. Da Hanifa ta tuɓe rigar ya tashi ya karɓa, ya rataye ta a ƙusa a bangon ɗakin kwana, daidai inda idonta zai fara sauka duk safiya.

* * *

Laifin Hanifa ɗaya ne: ta je wankan jego gidan uwarta a Argungu, kuma uwarta ta iya riƙon mai jego.

A gidansu babu abin kunya kamar a mayar wa miji matarsa da ƙashin wuya a waje. Sai gari ya ɗauka cewa gidan su wance ba a ɗora tukunya. Don haka Inna Laure ta zage. Da safe kunun kanwa da gasasshen nama mai yaji, da hantsi fura da nono, da rana tuwon shinkafa yana iyo cikin man shanu, da yamma romon kan giwan ruwa wanda masunta suka fito da shi daga gulbi a ranar. Ta tsaya a kanta har sai ta side kwano. Ranar arba'in mata suka rako ta Birnin Kebbi da guɗa, ana ta "tubarkalla, ta yi kyau," don a bakinsu yin kyau da yin ƙiba duk kalma ɗaya ce.

Mansur ya tarbe su a ƙofa, ya dubi matarsa, ya ce, "Inna, mace guda na aiko, ya kunka maido min biyu?" Mata suka yi dariya, Inna Laure har da ƙara gyara ɗaurin ɗankwali don jin daɗi. Ta ɗauka yabo ne. Hanifa ce kaɗai ta ga idonsa, kuma tun ranar bai sake taka ɗakinta da fara'a ba.

Ba abin da ba ta gwada ba. Ta daina tuwo, ta koma dafaffen zogale ba mai ba ƙuli. Ta sha ruwan zafi da lemun tsami kafin ta karya har haƙoranta suka fara tsami. Wata maƙwabciya ta ce kokwamba da citta, ta yi. Wata ta ce kada ta ci komai bayan la'asar, ta yi. Ta shiga azumin Litinin da Alhamis tana shayarwa, Mansur ya ce Allah dai ya san don wa ake yi. Takan zagaya tsakar gida da sauri bayan asuba, goyon ɗanta Maliki a bayanta, yaran maƙwabta suna leƙe ta katanga. Jikin ya sauka, amma a hankali, yadda jikin mai shayarwa yake sauka. Riga kuwa tana nan a ƙusa ba ta san haƙuri ba.

* * *

Kausar ce ta nuna mata hotunan a waya. Mata ne jere, kowacce hoto biyu: a ɗaya ta cika kujera, a ɗaya kuma kamar ƙanwar kanta.

"Hajiya Sauda ke nan, a unguwar Gesse take. Duk matan manya wurinta suke zuwa. Ki taimaki kanki, matar Yaya, kada ki ɓata min hotunan biki."

Falon Hajiya Sauda yana ƙamshin turaren wuta, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Ita kanta ba siririya ba ce, amma ta ce nata na gado ne. Ta kama dantsen Hanifa ta murza kamar mai tayin rago, ta girgiza kai.

"Ƙanwata, kin yi sake. Amma kin zo gidan gyara." Ta miƙo mata wata leda mai ƙyalli, ba suna, ba lamba, ba komai a jikinta. "Shayin Sassaƙe ke nan. Cokali guda safe da yamma. Ganye ne zalla, daga waje ake kawo min."

"Hajiya, ina shayarwa fa. Ba zai taɓa yaron ba?"

"Ganye na ce miki! Kuka da kike miya da ita tana taɓa yaro? Abu biyu kawai zan gaya miki. Za ki ga kina yawan zagayawa, to kitsen ne yake narkewa yana fita, kada ki tsorata. Sannan ki rage shan ruwa. Ruwa shi ke kumbura tumbi."

A rage shan ruwa, a bazarar Kebbi, lokacin da ko kwalta take laushi da azahar! Amma wanda aka rataya wa riga a kan idonsa ba ya tsayawa tuhuma. Hanifa ta karɓa hannu biyu har da godiya.

Shayin ya yi aiki, wannan kam ba ƙarya. Ta yini tana hanyar banɗaki har ƙafafunta suka riƙa rawa. Harshenta ya bushe, leɓenta ya tsage, in ta miƙe sai ɗakin ya juya. Zobenta ya fara zamewa, zanenta ya ƙara zagaye. Wata safiya ta sauke rigar ta gwada, zif ya haura har tsakiyar baya. Ta zauna a bakin gado ta yi kukan murna.

A makon ne nono ya ɗauke. Maliki ya kama ya tsotsa ya saki ya tsala ihu, ya sake kamawa, ba komai. Mansur ya sayo madarar gwangwani ya dangwarar a kan tebur.

"Ai gara haka," ya ce. "Dama shayarwar ce ke sa ki ci kamar gara."

* * *

Inna Laure ta zo ba sanarwa, ɗan kabu-kabu ya sauke ta da ƙullin kifin banda da kwalbar man shanu da ƙwaryar fura. Ta yi sallama, Hanifa ta fito. Tsohuwar ta tsaya da kaya a hannu ta kasa ajiyewa.

"La'ilaha illallahu! Auta, ke ta? Mi as same ki?"

"Lafiya lau nake, Inna."

"Lahiya? Wagga ita ta lahiya? Ina jikin da na ba ki? Dubi wuyanki kamar na zabuwa!" Ta dire kayan ta kama fuskar 'yarta tana juyawa. "Hwaɗi mani gaskiya, ba shi ba ki abinci?"

"Yana ba ni. Ni ce nake ragewa."

"Ragewa? Abinci anka ce miki bashi na? Ni Laure, da na hana idona barci ina dama miki kunu! Yanzu in kinka shigo Argungu haka, mi za a ce? A ce ɗiyar Laure tana gidan yunwa, ko a ce ciwon zamani ta kwaso. Kin tona min asiri, Auta."

Hanifa ta buɗe baki za ta yi maganar rigar, sai ta haɗiye. Ta san uwarta. Yau ɗin nan za ta tare Mansur a ƙofa, kuma abin da zai biyo baya a kanta zai ƙare. Ta ji haushin su duka biyun. Jikin nan nata ne, ita ke ɗauke da shi, ita ta haihu da shi, amma kowa yana da awon da yake so ta shiga. Ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana jin jiri.

Inna Laure ta ƙi kwana. Ta tafi tana faɗa har bakin titi, ta ce kada Hanifa ta sake ta tako mata gida sai ta maido jikinta. Kifin da man shanun Hanifa ta tura su ƙarƙashin gado, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

* * *

Biki ya matso, sai abin ya juya. Zagayawar ta ragu, daga baya fitsarin ya koma ɗigo, launinsa kamar shayin da aka manta a wuta. Ta tashi wata safiya ta ga fatar idonta ta yi nauyi. Takalminta ya ƙi shiga. Zoben da yake zamewa ya kama yatsa ya nutse. Abinci kuwa ko ƙamshinsa ta ji sai zuciyarta ta tashi.

Ta kira Hajiya Sauda a waya.

"Kitse ne mai taurin kai," in ji Hajiya, ana jin hayaniyar wasu matan a bayanta. "Yakan yi haka in zai fita gaba ɗaya. Ki mayar da shi cokali biyu."

Ta mayar da shi cokali biyu.

Ranar kamu gidan ya cika da dangin Mansur, kowacce cikin leshi ruwan zuma. Hanifa ta kulle ɗaki ta sauke rigar. Wannan karon ko ƙugu ba ta wuce ba. Tana tsaye tana haki, rabin jiki a ciki rabi a waje, Mansur ya buga ƙofa ta buɗe. Ya dubi fuskarta da ta cika, ya dubi ƙafafunta, ya shaƙi iska. Ya durƙusa ya jawo ƙullin kifin da kwalbar man shanun daga ƙarƙashin gado.

"Munafuka!" Ya ɗaga su sama kamar wanda ya kama ɓarawo. "Da rana zogale, in na fita ki rufe ɗaki ki narka man shanu! Ga shi nan ya fito miki a fuska!"

"Wallahi ban taɓa ba. Duba kwalbar, ko buɗe ta ba a yi ba. Ba ni da lafiya, Baban Maliki, numfashina..."

"Ciwon haɗama ne."

Mata sun riga sun taru a bakin ƙofa. Ba wadda ta ce a dubi yadda take haki. Wata gwaggonsa ma cewa ta yi matan yanzu ba su da tausayin mazansu. Mansur ya jawo jaka ya watsa mata zannuwa biyu, ya fisge rigar ankon ya cusa a sama.

"Tahi wurin uwarki ta ƙarasa kiwon da ta fara. Ga rigarki nan. Ranar da ta shige ki, ki dawo."

Hanifa ta miƙa hannu za ta ɗauki Maliki a kan gado, ya riga ta. Ya miƙa wa Kausar yaron.

"Shi ina za shi? Nono gare ki?"

Har ta fita ƙofar gida tana jin kukan yaron yana gauraye da kiɗan da aka kunna a tsakar gida.

* * *

A motar Argungu ta zauna kusa da taga, kanta yana sara. Suka wuce Ambursa, fadama ta buɗe, mutane sun duƙa suna yankan shinkafar rani. Ba ta ganin su sosai. Lissafinta ɗaya ne: akwai sauran shayin a jaka, in ta daure ta mayar da shi cokali uku, wataƙila kafin yaron ya manta fuskarta za ta koma.

Inna Laure tana tsakar gida tana juya kifi a kan wayar gashi lokacin da Hanifa ta shigo. Ta ɗago, ta ƙura mata ido, sai fuskarta ta washe. Ta saki kifin ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Alhamdu lillahi! Ku hito ku ga Auta, ɗiyata ta dawo hayyacinta! Ashe kin ji maganata!"

Maƙwabta suka shigo suna tafa hannu. Wannan ta taɓa kumatunta, waccan ta ɗaga dantsenta.

"Tubarkalla, ta yi kyau!"

"Har ta hi lokacin jego cika. Dubi ƙahwahu, masha Allah!"

Hanifa tana tsaye a tsakiyarsu tana neman iska. A Birnin Kebbi an kore ta saboda wannan jikin, a nan ana yi masa guɗa, kuma duk cikinsu ba wanda ya ga cewa nutsewa take yi a tsaye. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar darbejiya, aka kawo fura. Kurɓa ɗaya ta yi ta dawo da ita.

"Gajiyar mota ta," in ji Inna Laure. "Miƙo ƙahwar in matsa miki."

Ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta lakato man kaɗe, ta danna babban yatsanta a ƙwaurin tana ci gaba da ba maƙwabta labarin yadda ta je har Birni ta yi wa yarinyar faɗa. Da ta ɗaga yatsan sai ta ga gurbinsa ya zauna, rami sosai, kamar an danna tuwo mai sanyi. Ta jira ya ciko. Bai ciko ba. Ta danna wani wurin, shi ma ya zauna.

Ta ɗago ta dubi fuskar 'yarta, wannan karon da kyau.

"Auta," ta ce, muryarta ta koma ƙarama, "yaushe rabonki da hitsari?"

* * *

Likitar da ta duba ta a babban asibiti a Birnin Kebbi ta juya ledar mai ƙyalli gaba da baya tana neman suna, ba ta samu ba. Ta ce wannan ce ta huɗu ko ta biyar da ta gani irinta a bana. Ta ce ba ƙiba ba ce, ruwa ne, ƙodojin sun tsaya. Za a ɗora ta a kan na'urar wankin ƙoda, kuma ba ta yi alkawarin ranar da za a sauke ta ba.

Inna Laure ta aika wa Mansur. Ya ce baƙin biki ba su gama watsewa ba, kuma shi dai bai taɓa ce wa kowa ta sha wani abu ba. Lambar Hajiya Sauda ta daina shiga. Wata mai jinya a gadon kusa ta nuna musu sabon tallan Hajiyar a waya, ga Hanifa nan a hoto na biyu, wanda aka ɗauke ta ranar da ta koma ƙaro shayi lokacin da wuyanta ya fito, an rubuta a ƙasa cewa aiki ya yi kyau.

Na'ura ta yi ta zuƙe ruwan, zama bayan zama. Da ya janye, abin da ya bari a kan gadon bai kai rabin yarinyar da Inna Laure ta raka da guɗa ba. Tsohuwar ta daina faɗa. Takan zauna a ƙasa kusa da gadon ta riƙe tafin ƙafar 'yarta, ba ta matsawa, riƙewa kawai take yi.

Wata safiya Hanifa ta yi amai ya ɓata rigar jikinta, ɗayan zanen kuma yana kan igiya bai bushe ba. Inna Laure ta zazzage jaka tana neman abin sakawa, sai leshi ruwan zuma ya faɗo, duwatsun wuyansa suna walƙiya.

"Wagga hwa? Ta wa ta?"

"Tawa ce. Sa min ita, Inna."

Ta tallafe ta ta zaunar, ta zura mata hannuwa ɗaya bayan ɗaya, ta koma bayanta ta kama zif ɗin. Ya haura har wuya bai tsaya ko'ina ba. Kafaɗar rigar ta zame gefe guda, Inna Laure ta tattaro yadin da ya yi saura a baya ta dunƙule a hannunta don kada ta faɗi.

Hanifa ta sunkuya ta dubi kanta, ta shafa leshin a kan cinyarta. Idanunta da suka faɗa ciki suka ɗan yi haske. Ta lalubo wayarta a ƙarƙashin matashi ta miƙa baya.

"Inna, kira Baban Maliki. Ki ce masa ta shiga. Ki ce ya kawo min yarona."

Inna Laure ba ta karɓi wayar ba. Hannunta yana cike da ragowar rigar.